Ƙanƙara a kan jirgin kamun kifi: amsoshin tambayoyin da ake yi mini a Damagaram

Hunturu biyar na yi ina kula da inji a wani jirgin kamun kifi da ke tashi daga Faransa zuwa tekun Barents, can arewa da Norwe da Rasha. Tun da na dawo gida Damagaram na koma sana'ata ta gyaran injuna, tambaya ba ta yanke ba. Da farko ta albashi ce da takardu. Amma daga ranar da na nuna wa ƴan fadarmu hoton jirgin ya yi fari fat, wayar da ba ta fi yatsa kauri ba ta kumbura ta kai cinyar ƙato, sai hira ta koma kan ƙanƙara. Wasu sha'awa ce kawai ke sa su tambaya. Wasu suna da ɗa ko ƙane a can, wasu kuma su da kansu ne ke haramar tafiya. Saboda su na zauna na tattara tambayoyin.

Yaya, ai ruwan teku na gishiri ne. Ta yaya yake daskarewa a kan jirgi, alhali ruwan da jirgin ke tafiya a kai bai daskare ba?

Gishiri jinkirta daskarewa yake yi, ba ya hana ta. Ruwan daɗi yana zama ƙanƙara a digiri sifili, na teku kuwa sai sanyinsa ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili. Teku yana da zurfi, yana riƙe ɗuminsa. Abin da ke daskarewa feshi ne. Idan goshin jirgi ya daki igiyar ruwa, ruwan yakan tashi sama ya tarwatse, iska ta kwaso shi ta watsa wa jirgin. Kafin ɗigo ya sauka ta riga ta zuƙe ɗan ɗumin jikinsa, yana taɓa ƙarfe sai ya manne. Wani ya zo ya hau kansa, wani ya ƙara, kamar magini yana yaɓe.

Ka tuna safiyar Janairu, ka yi alwala ka hau kabu-kabu hannunka bai bushe ba. Sanyin gari bai wuce digiri 14 ko 15 ba, amma yatsunka kamar za su tsinke, domin iska ce ke kwashe ɗumin. To ka mai da shi digiri 10 ƙasa da sifili, iskar kuma mai tuge bishiya.

Abu uku ne in suka haɗu ake sa ran wannan: sanyin iska ya faɗi ƙasa da inda ruwan teku ke daskarewa, gudunta ya haura kilomita 30 a awa, shi kuma ruwan bai fi digiri 7 ba. Ruwan sama mai daskarewa da hazo da dusar ƙanƙara su ma suna kawo nasu, amma kusan tara cikin goma na abin da ke addabar jirage daga feshi yake.

Ni direba ne, na san kaya. Jirgin da ke ɗaukar tan ɗaruruwa na kifi, ƙanƙara ce za ta kayar da shi?

Direba, kai ne ma ya kamata ka riga kowa ganewa. Ka ga manyan motocin hanyar Agadas da ake jibga wa kaya har su ninka tsayinsu, mutane kuma su hau can ƙoli. Ba yawan kayan kaɗai ke kifar da su a kwana ba, inda aka ɗora su ne. Da siminti ne a shimfiɗe a ƙasan bodi, mota za ta zauna daram. Kifi haka yake: a cikin jirgi ake zuba shi, ƙasa da bakin ruwa, yana ƙara masa zama. Ƙanƙara kuwa sama take hawa. Tana kama rufin ɗakin matuƙi, da dogon ƙarfen da ake rataya fitilu da eriya, da ƙugiyar ɗaga kaya, da kowace waya da shinge. Kaya ne da ba ka yi lodinsa ba, ba ka auna shi ba, kuma ya zaɓi wurin da ya fi kowane muni ya zauna.

Mu yi lissafi. Ɗauki fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, wanda ko tsakar wani gida bai kai ba. Idan ƙanƙara tana hawa da santimita 2 a kowace awa, cikin awa 10 ta yi santimita 20. Nauyinta ya doshi tan 18, wato buhun gero mai kilo 100 har guda 180, cikin dare ɗaya. Ban lissafa jikin bango da wayoyi da koma ba.

Sannan ba ta hawa daidai wa daida. Gefen da iska ke bugawa ya fi ɗauka, sai jirgi ya karkata kamar jakin da mangalarsa ta rinjaya gefe guda. Jikinsa kuma ya ƙara faɗi, iska ta sami abin turawa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni tsoro. A gefen doron jirgi, wato filin samansa da ake aiki a kai, akwai kafofin da ruwan da ya fantsamo ke bi ya koma teku. Indararo ke nan. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Birni ya san abin da ke faruwa da soro idan indararo ya toshe a tsakiyar damina. Ƙanƙara tana fara toshe waɗannan kafofin, ruwa ya kwanta a doro, jirgi ya karkata ruwan ya bi shi gefen, ya ƙara danne shi. Ƙaramin jirgi ya fi shiga haɗari, don feshi yana game shi tun daga goshi har wutsiya. Namu babba ne, ya haura mita 50, amma shi ma ya ji a jikinsa.

Akwai alamar da ake gani kafin abin ya ɓaci?

Akwai, kuma mai yaudara ce. Lafiyayyen jirgi idan igiyar ruwa ta karkata shi, da sauri yake miƙewa, har ya wujijjiga na ciki. Idan nauyi ya taru sama, tangaɗinsa sai ya yi laushi. Ya kwanta a hankali, ya ɗan tsaya, sannan ya taso kamar tsohon da ke miƙewa daga tabarma. Baƙo zai ce teku ya lafa. Tsofaffin ma'aikata kuwa a lokacin suke tashi zaune.

A hunturuna na biyu na fara gane wannan da kaina. Ina ƙasa a ɗakin inji, inda ba taga, ba abin da kake ji sai ruri da warin gas. Akwai wata babbar sifana da nake ratayewa a ƙusa, kullum tana lilo tare da jirgi. Na saba da lilonta, daga tafiya zuwa dawowa nakan ƙirga goma. Daren nan sai na ga ta tafi gefen dama ta tsaya a karkace, ta bar bango, kamar an riƙe ta. Na ƙirga sha huɗu kafin ta kammala zagayenta. Ban gama ajiye tsumman hannuna ba ƙararrawa ta kaɗa, aka ce kowa ya fito da guduma.

Sauran alamomin a fili suke: gilashin matuƙi ya rufe, ƙofa ta ƙi buɗuwa, na'urar rada mai hango abin da ke gaba ta dushe, rediyo ya yi rauni don eriya ta yi kauri, jirgi kuma ya zauna a karkace ya ƙi komawa daidai.

Wannan ya taɓa cin rai da gaske, ko tsoratarwa ce?

Ya ci, ba sau ɗaya ba. Ranar 26 ga Janairu 1955 jirage biyu na garin Hull a Ingila, Lorella da Roderigo, suka kife arewa da Aisland da mutum 40. Har zuwa ƙarshe ana jin su a rediyo suna faɗin yadda ƙanƙara ta yi musu nauyi. A watan Fabrairu 1959 jirgin Aisland mai suna Júlí ya tafi da mutum 30 a ruwan Niyufawunlan, gabashin Kanada. A Janairu 1965 jirage huɗu na Tarayyar Sobiyat suka nutse a tekun Bering, tsakanin Rasha da Alaska. A farkon 1968 Hull ta sake rasa jirage uku cikin ƙasa da wata guda, mutum 58. Na ƙarshensu, Ross Cleveland, ya ma samu ya shige wani lungun teku a Aisland yana fakewa, amma ƙanƙara da iska suka kifar da shi a can, mutum ɗaya ya tsira.

Kada a ce ai zamanin da ne. Ranar 11 ga Fabrairu 2017 jirgin kamun ƙaguwa Destination ya nutse a tekun Bering da mutum 6, ko kiran agaji ba su samu yi ba. Daren 31 ga Disamba 2019 Scandies Rose ya kife kusa da tsibirin Sutwik a Alaska, yana ɗauke da kejin kama ƙaguwa guda 195. Mutum 7 ne a ciki, 2 suka rayu. Ranar 28 ga Disamba 2020 jirgin Rasha Onega ya nutse a tekun Barents, cikin mutum 19 aka ceto 2. Wannan ruwan na san shi, na sha kwana a kansa. Ranar da na ji labarin ban iya cin abinci ba.

Ana iya sanin ranar da za ta zo?

Ana iyawa, kuma wannan ne ke ƙona mini rai idan na ji an yi asarar rayuka. Hukumomin yanayi na Amurka da Kanada da Norwe da Aisland duk suna ba da gargaɗin ƙanƙarar jirage. A shekarun 1980 wani masani a NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, James Overland, da abokan aikinsa suka fitar da lissafin da ke haɗa gudun iska da sanyinta da sanyin ruwa, ya nuna saurin hawan ƙanƙara. Ƙasa da milimita 7 a awa ana ce da ita mai sauƙi. Daga nan zuwa santimita 2 matsakaiciya ce. Daga 2 zuwa 4 mai tsanani, abin da ya haura 4 kuwa ya wuce misali. Destination da Scandies Rose duka sun fita ne alhali gargaɗin yana nan.

Sai dai hasashe bai san jirginka ba. Bai san tsayin goshinsa ba, bai san me ka jibga a doronsa ba, bai san gudun da kake yi ba. Kusa da gaɓa kuma, inda iska ke gangarowa daga duwatsu masu ƙanƙara ta bi ta kwazazzabai, abin yakan fi yadda aka faɗa.

To me ake yi tun jirgi yana tasha?

A nan rabin maganin yake, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane babban jirgi yana da littafin da injiniya ya rubuta masa, mai faɗin iyakar kayan da zai ɗauka da inda za a sa su, da abin da za a rage lokacin sanyi. Ƙa'idar hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta ce jirgin kamun kifi da ke shiga irin waɗannan wurare a lissafa masa kilo 30 na ƙanƙara a kan kowace murabba'in mita ta doronsa, da kilo 7 da rabi a kan kowace murabba'in mita ta gefensa. Ku dubi adadin da kyau. Kilo 30 bai fi kaurin santimita 3 da ɗan wani abu ba. A dare mai tsanani, ƙasa da awa biyu an cinye wannan rarar. Littafin lokaci yake saya maka, ba ya ce ka tsira.

Kuma littafin kansa yana iya yin kuskure. Masu bincike sun gano na Scandies Rose bai yi daidai da jirgin ba, na Destination kuma kejin da ke kansa sun fi nauyin da aka rubuta. Keji da koma su ne mafi sharri, domin ƙanƙara ba a bayansu kaɗai take tsayawa ba, tana shiga ta cikin raga ta cika su.

Saboda haka duk abin da za a iya saukarwa cikin jirgi a saukar. Abin da dole ya zauna a waje a ɗaure shi ƙasa-ƙasa, a lulluɓe da tamfol mai santsi, wanda in an buga sai ƙanƙarar ta zame. A kwantar da ƙugiya. A tsiyaye ruwan da ke cikin bututan waje. A ƙirga guduma da shebur su ishi kowa, a ajiye su ciki, ba a akwatin waje da zai daskare ba. Mu na ɗakin inji namu shi ne tankuna: man da ke can ƙasa yana taimakon zaman jirgi, in an ƙone shi jirgi ya ƙara sauƙin kifewa. Tanki rabi kuwa ya fi cikakke haɗari, kamar yarinyar da ta ɗauko rabin bokiti a ka, ruwan yana kai da kawo yana neman kayar da ita.

Idan an duba duka an ga dare zai yi muni, a zauna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In ta riske ku a tsakiyar teku fa, me kyaftin zai yi?

Ya rage feshi, tunda shi ne tushen abin. Hanya ta farko rage gudu, don jirgi mai gudu shi ke dukan ruwa da ƙarfi. Ta biyu sauya alƙibla. Feshi ya fi yawa idan iska tana zuwa ta gaba a ɗan karkace, ya fi ƙaranci idan aka ba ta baya. Amma juyawa tana da lokacinta. A tsakiyar juyi dole jirgi ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, wanda kuwa ya riga ya yi nauyi a nan yake tafiya. Wanda zai juya ya juya tun jirginsa yana da sauran ƙarfin miƙewa.

Sai neman mafaka: bayan tsibiri, ko ruwa mai ɗan ɗumi idan yana kusa. Abin da zai ba ku mamaki, wani lokaci kyaftin ƙara nausawa arewa yake yi, ya shiga bakin ƙanƙarar da ke yawo a kan teku. A can ta danne igiyar ruwa, ba feshi, ko da sanyin ya fi. Mun yi haka sau biyu, muka tsaya cikin shiru muka kakkaɓe jirgi. Amma wannan sai jirgin da aka gina jikinsa don haka.

Kuma ya sanar da masu gadin gaɓa da jiragen da ke kusa tun abin bai yi nisa ba. Idan ya kai intaha, kayan da ke doro a zubar da su teku. Keji ana sayen wani.

Yaya ake fasa ta? Da gatari?

A'a. Ƙarfe mai kaifi yana huda bututu, ya yanke wayar lantarki, ya kankare fenti tsatsa ta samu ƙofa. Gudumar katako ko ta roba ake amfani da ita, da kulki mai kamar guntuwar taɓarya, da shebur na kwashewa. Ba sara ake yi ba, duka ne: ka bugi shingen ƙarfe ya girgiza, ƙanƙarar ta tsage ta zubo.

A fara da wuri. Sabuwar ƙanƙarar teku tana da ruwan gishiri a cikinta, tana da taushi, shebur ma yana ɗebe ta. In ta kwana gishirin ya tsiyaye, sanyi ya ƙara kama ta, sai ta koma kamar dutse. Aikin awa ɗaya da magariba ya zama na awa biyar da asuba, in an kai asubar.

Akwai tsari. A buɗe kafofin ruwa tukuna, a riƙa komawa kansu. Sai sama, domin kilo ɗaya a ƙoli ya fi kilo da yawa a ƙasa illa. Idan jirgi ya karkata a fi ba gefen da ya yi nauyi ƙarfi har ya daidaita, daga nan a riƙa rage gefe biyu tare. Kada a manta da kwale-kwalen ceto, da na'urar da ke aika kiran agaji ta tauraron ɗan'adam, da eriya, da fitilu, da ƙofofin fita, da kafofin da inji ke shaƙar iska. Abin da aka fasa kuma a jefa shi teku nan take. Wanda aka bari a doro nauyinsa yana nan, zai ma sake haɗewa.

Daren da na faɗa muku, mu goma sha biyu muka fita. Kyaftin ya rage gudu ya ba iska baya, ya kunna manyan fitilu. Kowa da igiya a ƙugu an ɗaure shi da jikin jirgi, da hular kwano, don guntun da ke faɗowa daga sama yakan kai girman tulu. Feshi yana sauka a rigata ina jin ƙararsa kamar ana watsa tsakuwa a kwanon rufi. Gashin idona ya manne, sai na sa bayan safar hannu na murje. Minti 30 a waje, a shiga a sha shayi mai zafi, wasu su karɓa. Da gari ya yi ɗan haske na koma ƙasa, na tsaya ina kallon sifanar nan. Goma na ƙirga. Nan na yi sujada a kan ƙarfen ɗakin inji.

Ɗana, mu da muke da gishirin Bilma, ba a zuba mata gishiri ta narke?

Baba, ana zubawa, hankalinka ya kai. Gishiri yana narkar da ita a matakala da bakin ƙofa da hanyar da ake bi, ya hana santsi. Sai dai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa yana raguwa sosai, a wajen 21 kuwa ya daina aiki ɗungum. Igiyar ruwa ɗaya kuma ta isa ta wanke abin da aka barbaɗa. Akwai wani gishirin masana'anta, kalsiyam kulorayid, da ya fi jure sanyi, amma yana cin ƙarfe. Ko ayarin raƙuma guda aka sauke, ba zai narkar da tan 18 da ke manne a sama ba.

Ruwan zafi da tururi suna aiki idan an yanka ƙanƙarar da su daga gindi ta ɓalle a ture ta. In aka tsaya wanka wa jirgi da su cikin tsananin sanyi, ruwan da aka zuba shi ma daskarewa zai yi.

Turawa da iliminsu ba su ƙera fenti ko na'urar da za ta hana ta kamawa ba?

Sun ƙera, suna kan ƙerawa. Akwai fenti mai santsi da ke sa ta saki da bugu ɗaya maimakon biyar, amma yana goguwa. Akwai wayar ɗumama da ake bi da ita ta gilashi da matakala da bakin ƙofa, sai dai ɗumama jirgi gaba ɗaya ya fi ƙarfin janaretansa. Abin da ya fi amfani shi ne ginin jirgin: bayan asarar 1955 binciken da aka yi a Ingila ya nuna a rage wayoyi da tarkacen sama, a kafa dogon ƙarfen a kan ƙafa uku maimakon ɗaure shi da igiyoyi. Sababbin jirage suna da dogon goshi da rufaffen wurin aiki. Duk da haka ban taɓa hawa wanda babu guduma a cikinsa ba.

Jikin ɗan Damagaram zai iya da wannan sanyi? Azumi fa?

Zai iya, in ya bi ƙa'ida. Kada ka sa auduga a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe, ta zame maka jiƙaƙƙen tsumma. Ulu ake sawa ko yadin roba da aka yi don haka, hawa-hawa, sannan rigar ruwa a waje. Safar hannu ta jiƙe a canza.

Ka kula da yatsu da kunne da hanci. Littattafansu suna cewa wurin da sanyi ya ci yakan yi fari, a fatarmu kuwa toka-toka yake yi, ya yi tauri, ka daina jinsa. Abokan aikinka ba lalle su gane a fuskarka ba, kai za ka faɗa. Kada a murza, kada a kanga a wuta. A tsoma a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39. Idan wani ya miƙo maka giya wai tana ɗumama jiki, ban da haramcinta, ƙarya ce: tana buɗe jijiyoyin fata ɗumi ya fice.

Azumi kuwa, Alƙur'ani ya yi wa matafiyi rangwame ya rama daga baya. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka bayyana masa aikin, da cewa a can rana takan yi makonni ba ta fito ba a hunturu, don ya faɗa maka yadda za ka yi da lokutan salla.

Idan kyaftin ya ƙi tsayawa fa? Ni baƙo ne, lebura, ina da bakin magana?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi. A yawancin jiragen nan rabo ake yi, abin da aka kama shi ne albashi. Awar da aka yi ana fasa ƙanƙara ba kifi, saboda haka kowa yana da dalilin yin shiru, har kai da ake jiran aikenka a gida. Na taɓa yin wata guda a wani jirgi da ba namu ba, kyaftin ɗinsa ya ga shinge ya yi kauri ya ce a ƙara jefa koma sau ɗaya. Wani dattijo cikin ma'aikata ya cire safar hannunsa ya ajiye, ya ce shi guduma zai ɗauka. Muka bi shi mu huɗu, sauran suka biyo. Kyaftin ya yi ta faɗa, amma ya rage gudu. Da muka sauka ban sake komawa wannan jirgin ba.

Doka tana bayanka fiye da yadda kake zato. Yarjejeniya mai lamba 188 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, ta shekarar 2007, wadda Faransa da Norwe suka amince da ita, ta wajabta rubutacciyar kwangila, da hutun awa 10 cikin kowace 24 a jirgin da ke wuce kwana uku a teku. Ta kuma hana mai jirgi tauye kyaftin daga yanke shawarar da za ta tsare rayuka. Ka faɗi abin da ka gani, da ladabi, a gaban shaida, ka fara da shugaban ma'aikatan doro.

Waɗannan haƙƙoƙi ba daga sama suka faɗo ba. Bayan asarar 1968 wata mai aikin fiɗar kifi a Hull, Lillian Bilocca, ta tara matan masunta, suka tattara sa hannun mutum 10,000, suka je har Landan. Sai da aka tilasta wa kowane jirgi ɗaukar mai kula da rediyo, aka kuma tura jirgin da zai riƙa bin masunta da labarin yanayi da likita.

Mu masuntan Gidimuni da Tafkin Chadi, ina ruwanmu da wannan?

Ƙanƙara ba za ta same ku ba. Amma kwale-kwalen da aka tula wa buhunan banda har sama, mutane suka zauna a kai, ruwa kuma yana kai da kawo a cikinsa ba a kwarfe ba, ciwonsu ɗaya da jirgin Alaska. In kun ji tangaɗinsa ya yi laushi, a sauke kaya ƙasa, a kwarfe ruwa.

Ɗana yana can, yakan kira ni ran Juma'a in sun sauka. Ni ban san teku ba. Me zan tambaye shi?

Inna, addu'arki tana gaba da komai, ki ci gaba. Bayan ita, kada ki tsaya a "kana lafiya", don zai ce lafiya lau ko yaya ake ciki.

Ki tambaye shi ko an ba shi rigar tsira, wadda ke rufe mutum ruf daga kai har ƙafa ta hana ruwa shiga, kuma ko daidai jikinsa take. Wanda ya faɗa wannan ruwa da kayan aiki, minti na farko numfashi ke ƙwace masa, cikin kamar minti 10 hannuwansa su daina kama komai. Mutum biyun da suka tsira daga Scandies Rose wannan rigar suka samu sawa, suka kai ga kwale-kwalen ceto, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke su bayan awoyi. Ki tambaye shi inda take kwana: kusa da ƙofar fita, ko can ƙarƙashin kaya. Ki tambaye shi ko ana yi musu atisaye, da ranar da aka yi na ƙarshe. Ki tambaye shi wa ke fita duba kwale-kwalen ceto idan dare ya yi sanyi.

Ƙa'ida ta ce mutum ya iya sa rigar shi kaɗai cikin minti 2. Ki ce ya sa abokinsa ya riƙe masa agogo, ya gwada da takalmi a ƙafarsa, fitila a kashe. Juma'a mai zuwa in ya kira, ki ce ya faɗa miki minti nawa ya yi.